Sunan Malam Zayyanu

"Wa yab ba ki wanga suna, Adawiyya?"

Muryar Baba ce, mahaifinta Malam Zayyanu. Ta dafe cikinta na wata takwas, ta zame ta zauna bakin tabarma.

Waya ce a hannunsa. A ciki ga mijinta Faruk, ɗan Japan ɗin da ta aura tana karatun noman shinkafa a can, yana juyi kan ƙanƙara, wasan da ya yi suna da shi tun kafin ya musulunta. Sai aka hasko ta cikin 'yan kallo, mai sanarwa ya kira ta Uwargida Iwanaga, sunan gidan mijinta.

Ja'afar ne ya kawo wayar, ɗan ƙanin Baba, wanda ta ƙi aurensa. Yana tsaye bakin zaure yana murmushi.

"Baba, al'adarsu ce... miji da mata suna ɗaya suke amsawa. Wallahi ban canja ba!"

"Yau ba ki canja ba, gobe hwa? Ɗiya ba ta yada sunan ubanta. Ba ki barin Argungu sai an warware aurenga!"

Ga ƙaramar 'yarsu Maryamu a can Japan hannun surukarta, wadda tun farko ta ce jikokinta ba za su tashi a gida mai suna biyu ba. Idan auren ya mutu, yaushe za ta sake ganin yarinyar?

Ta yi ta kiran Faruk, wayarsa a kashe.

Abinci ya gagare ta. Ko mota ta tsaya a waje sai gabanta ya faɗi. Ko uwarsa ta rinjaye shi? Ko ya gaji da ita ne?

Ranar Juma'a da hantsi aka yi sallama.

Faruk ne! Daga filin jirgin Ambursa yake, Maryamu na saɓe a kafaɗarsa, idanunsa sun yi ja.

"Haskena, kada ki yi kuka," ya ce a hankali, sannan ya wuce ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, ina wuni... a'a, ina kwana." Hausarsa na tangal-tangal. "Gaskiya ne, a wurinmu gida ɗaya suna ɗaya. Amma miji ma yana iya ɗaukar sunan gidan matarsa. Na je kotu, sun yarda. Na ajiye Iwanaga, na ɗauki sunanka, Zayyanu."

Adawiyya ta toshe baki.

Sunan da aka san shi da shi a filin wasa! Kuma shi kaɗai ne namiji a gidansu.

"Mahaifiyarka hwa?" in ji Baba.

"Ta yi kuka. Ba ta yi mini magana ba tukuna. Amma ita ta ɗaure wa Maryamu kaya."

Ja'afar ya sulale ya fita, Baba ya dubi Faruk.

"Yaro, ka ji tsoron Allah. Abin da nih hana ɗiyata, ba ni yarda kai ka yi shi. Ka koma ka amshi sunan ubanka, ka roƙi uwarka gahwara. Kowa shi riƙe nashi."

"To... aurenmu, Baba?"

Baba ya miƙa hannu ya karɓi Maryamu, ya ɗora ta a cinya.

"Adawiyya, mi kike jira? Mijinki ya sha hanya, kawo mai ruwa."

Ta yunƙura za ta tashi, kuka ya ƙwace mata. Faruk ne ya je ya ɗebo ruwan, ya fara ba ta.