Shaidar Maman Ummi

"Maman Ummi, shaida kawai za ki ba su..."

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da jera kwalaben jini a firji kamar ba mutum ne tsaye a ɗakin gwajinta ba.

"Yau kuma na zama Maman Ummi? Da kana can waje, ai 'wadda ba ta waye ba' ce."

Tsohon mijinta ne. A wannan ɗakin ya koyi aiki a hannunta, a nan soyayyarsu ta ƙullu har suka yi aure. Ya tafi ƙasar waje digiri na biyu, sai sakinta ya iso ta waya, tana goyon Ummi. Yanzu ya dawo, takalminsa ya cinye wajen neman aiki. Duk ofishin da ya shiga, a yaba takardarsa, a tambaye shi inda ya taɓa aiki. Ita kaɗai ce amsar.

"Kamfanin magani ne, yanzu za su kira ki. Ki dubi Ummi, masoyiy..."

"Kul! Kada bakinka ya ƙarasa."

Da safe ma tsohuwar surukarta ta kira tana kuka: "'Yata, in ya samu, 'yarki ce ta samu." Gaskiya ne, kuma gaskiyar ce ta fi ƙona mata rai.

Wayar ta yi ƙara. Ta buɗe murya don ya ji.

"Hajiya, kin san shi?"

"Farin sani."

"Ya iya aiki?"

"Ban taɓa ganin mai hannu irin nasa ba. Ba ya makara, ba ya taɓa kayan kowa."

Ya lumshe ido, har ya soma murmushi.

"To, zai zauna da mu? Muna son wanda zai daɗe."

Ta dube shi. Ta daɗe tana tanadin irin wannan rana.

"Zai zauna... har ranar da ya hango wanda ya fi ku. Ranar ko sallama ba zai yi muku ba."

"Mun gode, Hajiya." Aka kashe.

Ta jira sanyin da take tsammani a ƙirjinta, bai zo ba. Sai muryarta ta karye.

"Ƙarya na yi maka? Faɗa min! Ƙarya na yi?"

Ya riƙe marfin ƙofa, idonsa jawur.

"A'a," ya ce. "Ko ɗaya."