Iyakar Lambun Malam Mode

A bakin lambun albasar mahaifinta Kaltume ta fara ganin Ɗahiru, yana kafa turakun awo. Ma'aikacin kamfanin da ke ƙona kwal ya ba da lantarki ne. Za su faɗaɗa tashar, suna neman filin zuba toka a wajen ƙauyen Taloka.

"Malam, mi kaka aunawa cikin abincinmu?"

Ya ɗago zai amsa. Ɗan boko da takardu, sai ga shi yana in'ina!

Kafin wata ya cika ya riga ya kamu. Kullum sai saƙonsa ya shigo wayarta: "Hasken idona, kamfaninmu na haska garuruwa, ni ke kaɗai ke haska ni."

Mahaifinta, Malam Mode, ya ce sam. "Ba ni ba da ɗiyata ga mai auna gonata. Ga Atiku nan, manomi ɗan manomi."

Kaltume ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta rubuta masa: "Masoyi, in lambun Baba yat tafi, ni ma na tafi."

Ɗahiru ya koma ofis, ya yi ta roƙo har aka ja iyakar baya da taku arba'in. Lambun ya tsira. Abin da ya faɗa hannun kamfani wani ɗan rami ne mai ciyawa a gefe.

Malam Mode ya ji daɗi, a gaban dattawa ya ce ya ba shi Kaltume.

Saura kwana uku ɗaurin aure motar kamfani ta cike ramin. Ashe magudanar da ke kawo wa lambun ruwa daga gulbi ce. Lokacin awo Ɗahiru ya same ta a bushe, bayan an cire albasa, bai kuma tambayi kowa ba. Ilimin takarda kenan.

"Wallahi ban sani ba, Kaltume."

"Na sani, masoyi. Shi yas sa abin ya fi zahi."

Dattijo ba ya magana biyu. Ranar Asabar aka ɗaura, aka yi guɗa, amarya na murna tana kukan da ba na al'ada ba.

Da ango ya durƙusa gaishe shi, Malam Mode ya dafa kansa.

"Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a ta gari. Ka riƙe ta da kyau, ɗana. Ita kaɗai ta rage min cikin abin da ni shuka."