Kwalbar Da Ke Ƙarƙashin Matakala

Ranar da Timila ta fara ganin Urgen, tukunya ce a hannunta kuma ranta a ɓace yake. Mai kai wa mahaifiyarta saƙo ya kwanta ciwo, dole ita ta sauko daga garinsu Kirtipur a babur, ta kawo naman da wata ƙaramar mashaya a Patan take saye a wurinsu.

Mahaifiyar tata, Hera Maya, abu biyu aka san ta da shi duk unguwa. Akwai choila, naman ɓauna da take gasawa a wutar karan shinkafa ta murtsuke shi da barkono da tafarnuwa. Akwai kuma thwon, farar giyar shinkafa da take dafawa da hannunta tun tana amarya.

Wani dogon saurayi ya fito daga bayan manyan tukwanen ƙarfe, takalmin roba a ƙafarsa. Ya karɓi tukunyar da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri, ya ajiye, sannan ya miƙa mata ɗan kofi.

"Kin sha hanya. Ɗanɗana wannan, ni na dafa ta."

Ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Wannan giya ce ko maganin zazzaɓi?"

"Turawan da ke zuwa nan suna yabonta."

"Su suka sani. Ci nama tukuna, sannan ka sha."

Ya ɗauki yanka ɗaya ya tauna, ya bi da giyarsa mai ɗaci. Barkonon ya tashi masa har ka. Idanunsa suka kawo ruwa, yana tari yana dariya, ita kuwa ta tsaya tana kallon yadda namiji yake yi wa kansa dariya ba tare da jin kunya ba. Abin da ya fara burge ta ke nan.

"To me zan dafa wanda ba zai yi faɗa da naman nan ba?" ya tambaya yana share ido.

"Ni na ce maka na iya dafa giya? Ci kawai na iya."

"Shi nake nema."

Mai kai saƙo ya warke, amma Timila ba ta mayar masa da hanyar Patan ba. Duk zuwan da za ta yi, akwai ɗan kofi yana jiranta. Wata rana ta ce zaƙi ya yi yawa, wata rana ta ce wannan ruwa ne aka yi wa kwalliya. Urgen ba ya musu. Sai ya karkata kai ya saurara har ta gama, kamar maganarta darasi ce. Ɗan ƙabilar Tamang ne daga duwatsun Rasuwa, ya fara da wankin kwalabe kafin ya zama mai dafawa, kuma har yanzu mahaifiyarsa tana aiko masa da tamba daga gonarsu.

Saƙonninsa gajeru ne.

"Mai barkono, kin isa gida lafiya? Tukunyar yau ta fi ta jiya, amma ba wanda zai zage ta."

"Ɗan dutse, ka ajiye min. Zagin yana nan tafe."

Wata rana ya roƙe ta ta kawo masa damin karan shinkafa daga gonarsu. Ta kawo, bai faɗa mata abin da zai yi da shi ba.

Ana shirin Mohani, babban bikin shekara, sai magana ta fara yawo a gidansu. Iyayen Sujal, wani maƙwabcinsu da ke aiki a Ostiraliya, za su aiko da gwe bayan biki, goron nan da in iyayen yarinya suka karɓa, an yi baiko. Sujal ba mugu ba ne. Ya taɓa kiran Timila ta waya ya yi ta ba ta labarin farashin gidaje har kunnenta ya yi zafi. Ta faɗa wa Urgen. Abin da ya ce kawai shi ne, "To."

Saura kwana kaɗan biki, sai ga shi a tsakar gidansu, shi da kawunsa, sun sha ado. Urgen yana rungume da ƙatuwar kwalba, an ɗaura mata farin ƙyalle a wuya, an shafa man shanu a murfinta. Ya durƙusa ya ajiye ta a gaban Hera Maya.

Matan gidan da ke tankaɗen shinkafa suka tsaya cak.

"Mene ne wannan?" in ji Hera Maya.

"Giya ce, Ma. Da hannuna na dafa."

"Giya." Ta juya wajen matan. "Kun ji? Gidan Hera Maya ya rasa abin sha, har an tausaya mana daga Patan. Yaro, an ce maka tulunanmu sun bushe ne?"

Kawun ya buɗe baki zai yi bayani, ta riga ta haye sama. Wata gwaggo ta ja kwalbar da ƙafa ta tura ta ƙarƙashin matakala. Timila tana leƙe ta taga, ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da yamma ta rubuta masa: "Ka zo tallar giyarka a gidan uwata, a gaban mutane? Ashe duk ɗanɗanon da nake maka kasuwa kake nema."

Bai amsa ba sai washegari.

"Mai barkono, ba talla na zo ba. A wurinmu haka ake neman aure. In iyayen yarinya sun sha, sun bayar. In sun mayar da kwalbar, sun hana. Ma ba ta sha ba, ba ta mayar ba. Ban san ko mai rai ne ni ko matacce ba."

Timila ta karanta har ta haddace. Ta hau ɗakin girki a saman bene, inda uwar take yanka citta, ta karanta mata.

Wuƙar ta tsaya, sannan ta ci gaba.

"To a mayar masa."

"Ki mayar da hannunki, Ma. Ni ba zan ɗauka ba."

"Ba ɗan ƙabilarmu ba ne, Timila. Dangi za su cinye ni ɗanya. Kuma mutumin da zai kawo giya gidana..."

"Abin da ya fi daraja a hannunsa ya kawo miki."

Mahaifinta, wanda ke zaune bakin ƙofa yana gyaran kwando, ya yi gyaran murya.

"Ni dai abin da ke ba ni tausayi, babu giyar da aka taɓa dafawa a kwarin nan da uwarku ba ta ɗanɗana ta faɗi aibinta ba. Ga wannan a gidanta, kurɓa ɗaya ta ba da 'ya."

"Kai kuma wa ya sa da kai?"

"Babu. Kwando nake gyarawa."

Kwalbar ta ci gaba da zama a sanyin ƙarƙashin matakala. Timila ta lura uwarta takan rage sauri duk lokacin da ta zo wucewa ta wurin.

Ranar babbar walima, dangi suka cika gida tun hantsi. An shimfiɗa dogayen tabarmi, an jera ganyen ayaba na zuba abinci, yara suna ta guje-guje. Timila ta hau sama ɗauko kwanon wake, sai ta tarar da ƙofar ɗakin girki a saye. Ta tura a hankali.

Hera Maya tana tsugune, kwalbar a gabanta a buɗe, ta zuba kaɗan a kofin ƙasa. Giyar ja ce mai duhu, kumfa a samanta. Ba sha take ba. Ta kai kofin hanci, idonta a rufe.

"Shaƙa ba sha ba ce," ta ce ba tare da ta juyo ba.

"Ban ce komai ba, Ma."

"Tamba ce. Na ji ta." Ta sake shaƙa, goshinta ya tattare. "Amma hayaƙin nan... Wannan karan shinkafa ne. Wa ya ba shi?"

"Ni. Daga gonarmu."

"Ya gasa tsabar a wutar da nake gasa namana." Ta buɗe ido. "Tun yaushe yake wannan wahala?"

"Tun ranar da ya ga giyarsa tana faɗa da choilarki. Ya zubar da tukwane da yawa."

Hera Maya ta daɗe tana kallon kofin. Shekara da shekaru tana ciyar da mutane, suna ci suna yabawa suna tashi. Ba ta taɓa ganin wanda ya zauna ya saurari girkinta har ya dafa masa abokin tafiya ba.

"Kira shi," ta ce. "Ki ce ya wanke ƙafa, kar ya shigo min da takalmin roba."

Timila ta rubuta: "Ɗan dutse, taho yanzu. Kar ka tambaye ni."

Ya iso yana haki, gashinsa a hargitse. An riga an zauna a jere daga babba zuwa ƙarami, Aji kakar Timila a can farko. Wani baffa ya fara gunaguni, Hera Maya ta kalle shi sau ɗaya ya haɗiye sauran. Ta nuna wa Urgen ƙarshen tabarma, kusa da yara.

Ta zo da tulun thwon ta tsiyaya masa daga sama, farar giyar tana saukowa kamar zare, ko ɗigo bai fallatsa ba.

"Sha. Ka faɗi gaskiya."

Ya sha a hankali, ya riƙe ta a baki.

"Ma, ko zan shekara ɗari ina dafawa ba zan yi irin wannan ba. Amma da wake da dankalin nan ta fi tafiya. Naman yana danne ta kaɗan."

Timila ta rufe fuska da mayafi.

"Ka ji mara kunya," in ji Hera Maya. "Kana tsammani ban sani ba? Tun kafin a haife ka na sani."

Ta miƙa hannu, Timila ta ba ta kofin ƙasan nan mai giyar Urgen. Ta ɗauki yankan choila daga ganyen mijinta ba tare da ta tambaye shi ba, ta tauna, ta kai kofin baki. Kowa ya ga maƙogwaronta ya motsa.

Ta sake kurɓa.

"Giyar nan ta bar barkonon ya gama maganarsa," ta ce a hankali. "Yaro, ka iya ladabi, kai da giyarka."

Ta miƙa wa mijinta kofin. Ya shanye, ya ce, "Ni tun tuni na yarda, ba a tambaye ni ba ne." Kofin ya koma farkon layi wurin Aji, kwalbar ta bi tabarma daga hannu zuwa hannu, har baffan mai gunaguni ya nemi ƙari. Urgen yana zaune cikin yara, hawaye na bin fuskarsa, wata ƙaramar yarinya tana tambayarsa ko barkono ne.

An aika wa iyayen Sujal da haƙuri kafin su sayi gwe. An ɗaura auren bayan an gama girbi, lokacin da duwatsu suka fito tas a sararin sama. Mahaifiyar Urgen ta sauko daga Rasuwa da buhun tamba a bayanta. Ita da Hera Maya ba sa jin yaren juna sosai, amma suka wuni a ɗakin girki suna gardama da hannu.

Da aka zaunar da ango da amarya, Aji ta miƙa musu ƙwai da kifi, ta ɗora busassun hannuwanta a kawunansu.

"Ku tsufa tare kamar yadda na tsufa da nawa," ta ce. "Murhunku kar ya huce, ƙofarku kar ta rasa baƙo. In kun yi faɗa, ku ci abinci tukuna."

Timila ta lalubo hannun Urgen ta ƙarƙashin mayafi, ta riƙe shi gam.