Zuciyar Aro

Ƙarfe goma na safiyar Laraba Dakta Maimuna ta faɗo ofishin Sufeto Ja'afaru Ladan, kwamfuta a hammata, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta ce an sace mata na'ura, kuma ɓarawon yana iya mutuwa kafin la'asar.

Sufeto ya ture kofin shayinsa. Shekara goma sha tara yana aikin nan, bai taɓa ganin mai kaya yana jin tausayin ɓarawonsa ba.

Ta yi bayani a gurguje. Bincike take yi a kan direbobin wani kamfanin motocin haya masu fama da hawan jini, don gano waɗanda ciwon ya fara rikita wa bugun zuciya. Ana manna wa mutum wata 'yar na'ura a ƙirji, girmanta bai wuce akwatin ashana ba, ya yi kwana biyu da ita, tana aiko da rahoto kowace awa. Ranar Litinin da hantsi ta manna wa wani dattijon direba, Obadiya Matta. Yau da safe ta ga rahoton ya yi muni, ta kira shi da gaggawa, sai ga shi ya zo ƙirji wayam, wai jiya da yamma aka ɗauke ta a banɗakin tasha.

"Amma har yanzu tana jikin mutum, Sufeto. Sau uku zuciyar nan tana tsayawa tun asuba."

Ya tambaya ko na'urar tana nuna inda take. Ta ce a'a, bayan bugun zuciya sai dai motsin jiki: tsaye mutum yake, zaune ko kwance.

Ya sa ta buɗe masa rahoton a kwamfutar. Shi dai bai san komai a kan zuciya ba, sai ya bar layin sama mai hawa da sauka, ya bi na ƙasa, mai nuna motsin jiki, da yatsa. Sa'o'i a zaune ana jijjiga, wannan mai tuƙi ne. Da ya kai ƙarfe biyu na ranar Litinin sai yatsan ya tsaya. Tsayuwa, sunkuyo, dunguri da ƙasa sau biyu. An maimaita har sau huɗu. Ƙarfe huɗu ma haka.

Sufeto ya miƙe zumbur, har kujera ta kife. Daɗi ya kama shi irin na mafarauci da ya ga sawu.

"Dakta, Obadiyan naki wane masallaci yake zuwa?"

Ta dube shi da mamaki, ta ce ai dattijon coci ne.

Aka shigo da Obadiya da Dakta ta baro a waje, siriri, furfura ta cinye kan, hula a hannu. Ya sake zuba labarinsa tiryan-tiryan, har da launin bokitin da ya yi wanka da shi.

"Jiya da yamma ka ce?"

"Ƙwarai, ranka ya daɗe."

"To, Baba, ina taya ka murna. Na'urar nan ta yi azahar ranar Litinin, raka'a huɗu cif, awa uku bayan an manna maka ita. Ta yi la'asar, ta yi magariba. Yaushe ka fara salla ba mu ji ba?"

Obadiya ya ce wataƙila injin ne ya lalace. Gumi kuwa ya riga ya jiƙa masa wuyan riga.

Sufeto bai yi masa tsawa ba. Ya juya masa kwamfutar kawai, ya ce Dakta ta faɗa masa abin da ta gani. Ta faɗa: wanda ke ɗauke da na'urar nan zai iya faɗuwa a kowane lokaci, ko a tsaye ko a kan sitiyari.

Hular ta suɓuce daga hannun dattijon.

"Abokina Hammajoda ne," ya ce. "Yallaɓai, yana kan layin lodin Gombe. Mutum goma sha takwas zai ɗauka!"

Sauran ya faɗa a cikin mota, jiniya na kuka, masu keke na watsewa ta unguwar Gwallaga. Ya ji jita-jita a tasha cewa duk wanda aka samu da ciwon zuciya za a karɓe makullin motarsa, ga 'ya'ya uku a makaranta. Sai ya roƙi amininsa na shekara ashirin, ƙato mai alfaharin bai taɓa kwana a asibiti ba, ya ɗaura a madadinsa. Dakta ta ce babu wanda ke ganin sakamakon sai ita da mai shi. Ya sunkuyar da kai.

Sun iso tasha bas ɗin ta cika maƙil, hancinta ya riga ya leƙo ƙofa. Direban Sufeto ya gicciye mata. Sufeto ya diro, ya zura hannu ta taga ya zare makulli. Fasinjoji suka ɗau hayaniya.

Hammajoda ya sauko yana huci, ya rantse bai san wata na'ura ba.

"Ɗaga rigarka," in ji Sufeto.

Hammajoda ya dubi Sufeto, ya hango Obadiya a bayan motar 'yan sanda. Ya ɗaga. Ga ta nan a manne, 'yar fitilarta na ƙiftawa.

Ya amsa cewa taimakon aboki ya yi. Da Dakta ta matsa masa, ya ce gaskiya yakan ga duhu ya gilma masa a hanya, amma ya ɗauka yunwa ce, sai ya jefa goro. Wata tsohuwa da ke kujerar gaba ta shiga salati, ta rungume jikarta.

Aka kwantar da shi a motar asibiti da Dakta ta kira tun suna hanya. Wani direba ya karɓi bas.

Sufeto ya riƙe hannun Obadiya, ya ce akwai batun rahoton ƙarya da zai amsa a caji ofis. Dattijon bai yi gardama ba. Hawaye yake, idonsa na kan motar da ke fita da abokinsa.

"Zuciyarsa na ara, yallaɓai, don na tabbata tasa ce mai lafiya."

Dakta Maimuna ta leƙo ta tagar motar asibiti kafin ta sha kwana.

"Sufeto, in kun gama da shi ka kawo mini shi da kanka. Tasa zuciyar har yanzu ban ji ta ba."