Fuskar Alhaji a Kan Buhu

Fadilu yana durƙushe a ƙofar shagonsa da ke bayan tashar Gure, yana rubuta sunan wani mai gyaran moto, wato babur, a jikin allo, sai inuwa ta faɗo kan fentin. Ya ɗaga kai zai ce a matsa.

Budurwa ce doguwa, ta rungume wani ƙaton hoto mai gilashi kamar jariri.

"Kai ne mai zanen da ya yi karatu a Yamai?"

"Ni ne. Wannan fa, maigidan ne?"

"Babana ne," ta ce. Ta harare shi, amma bakinta ya ƙi bin idon. "Alhaji Burahima mai dabino. Ni ce Hamsatu."

Babu wanda bai san Alhaji Burahima ba a Gure. Shi ke sayen dabinon kwarin Gidigir tun yana kan itace, ya zuba a buhuna, kamiyo, babbar motar kaya, ya kai Damagaram da Kano. Yanzu ya yi wa sana'ar takardun kamfani, aka ce masa kamfani sai da tambari, abin da 'yan lakwal, wato 'yan boko, ke kira logo.

Hamsatu ta jingine hoton, ta karanto saƙon mahaifinta. Fuskarsa a tsakiya, da rawanin. Raƙumi a dama, kamiyo a hagu, itacen dabino a baya. Sunan kamfani da lambobin salularsa duka a ƙasa.

"A kan me za a buga?"

"A kan buhu mana."

Fadilu ya dubi hoton, ya dubi 'yar mai hoton. Ya ce zai gwada.

Aikin da zai ƙare a yini ɗaya sai ya kama ja. Kullum akwai abin da sai Hamsatu ta zo ta gani da idonta.

"Dabinuwata," ya rubuta mata a salula, "na gama raƙumin Baba. Saura hancin Baban. Zo ki duba ko ya yi, ni naki kaɗai nake iya tunawa."

"Mai fenti, ka ji tsoron Allah. Ina tafe bayan la'asar."

Ba a jima ba ya fara zuwa zance ƙofar gidansu. Alhaji yana gani, bai ce zo ba, bai ce tafi ba. Ga mai neman aure, wannan shirun ba ƙaramin abu ba ne.

Ranar nuna aiki, Fadilu ya tarar da Alhaji a ƙofar magaza, inda yake tara buhuna, dattawa sun kewaye shi ana shayi. Zulkiflu ma yana nan, ɗan abokin Alhaji, mai injin buga buhuna a Damagaram, wanda ya daɗe yana aiko wa Hamsatu turare tana mayarwa.

Fadilu ya miƙa takarda biyu. Ta farko abin da aka ce ne, komai da komai. Ta biyu itacen dabino ne kawai, da sunan kamfani.

Alhaji ya ture ta biyun da ɗan yatsa. "Wannan ai kowa yana da itace. Fuskata ita mutane suka sani. Wanda bai iya karatu ba, ya gan ni ya san kayana ne."

"Haka ne, Alhaji. Sai dai abubuwan sun yi yawa, saƙar buhu ba ta riƙe ƙananan layi."

"Injina yana riƙewa," in ji Zulkiflu.

"Ka ji," in ji Alhaji. "Ta farko nake so."

Da Fadilu ya ce to a nan, da ya tafi gida lafiya. Amma a Yamai an koya masa a faɗa wa mai aiki gaskiya a teburin aiki, ba a koya masa ya duba su wa ke zaune a tabarma ba.

"Alhaji, buhu in ya ƙare ba jefar da shi ake yi ba. Shimfiɗa shi ake. A kan fuskarka mutane za su zauna."

Mai zuba shayi ya tsaya da buta a sama. Wani dattijo ya juya kai yana tari, tarin da kowa ya san dariya ce.

Alhaji ya ninke takardar farkon a hankali, ya miƙa wa Zulkiflu. Bai ɗaga murya ba.

"Yaro, ɗan wa kake da za ka zaunar da mutane a kan fuskata? Tashi. Ƙafarka kuma kada ta sake sanin ƙofar gidana."

Kafin magariba saƙon Hamsatu ya iso.

"Me ya kai ka? Kalma ɗaya ce, to. Ka zaɓi zanenka ka bar ni. Baba ya ce mutanen Zulkiflu za su zo tambayar aurena in an gama kwasar dabino."

"Dabinuwata, ba zanena na kare ba. Mutumin da nake so ya zama ubana ne, ba zan iya kallo a taka shi ba."

"Kai ka fara taka shi, a gaban abokansa."

Ya karanta wannan ya fi a ƙirga. Gaskiya ta faɗa. Daga nan ba ta ƙara ɗaukar kiransa ba.

Buhuna suka iso daga Damagaram, kamiyo cike. Da farko Alhaji har tsayawa yake a bakin hanya ya ga fuskarsa tana wucewa jere-jere. Hancin ya ɗan haɗu da gemu, raƙumin ya koma kamar akuya, amma babu wanda ya faɗa masa.

Sai kayan farko suka ƙare a hannun masu saye. Wata ranar kasuwa Alhaji ya shiga layin masu barkono, ya ga wata tsohuwa ta zauna daram a kan buhunsa, rawaninsa ya leƙo ta gefen zaninta. Gaba kaɗan jaki ya wuce da taki cikin buhunan za a kai lambu, fuskar Alhaji a kowane gefe, kumatun sun kumbura. Yara suka bi jakin suna "Sannu Alhaji!" Ran nan kuma wani dillalinsa ya kira daga Damagaram, ya ce masu butik, wato masu kanti, suna ƙorafi, ba su son buhu mai hoton mutum a ɗakin da suke salla.

Alhaji ya kira Zulkiflu. Zulkiflu ya ce, "Baba, abin da ka ce shi na buga. In sababbi kake so, sai a yi sabon ciniki."

Magaza kuwa cike take da buhuna bugaggu, ga dabino yana nuna a kwari. Alhaji ya daina zaman shayi. Maganar zuwan mutanen Zulkiflu dai bai janye ba, tunda ya faɗa a gaban jama'a.

Hamsatu ta ga mahaifinta yana mayar da tuwo bai taɓa ba. Ta ɗauki buhu guda ta ninke a cikin mayafi, ta ajiye wa Fadilu a shago ba ta zauna ba. Tana fita ta rubuta:

"Gobe da hantsi Baba zai je lambunsa na kwari, shi kaɗai. In kana sona, kada bakinka ya ce ai na faɗa. In ka ce, ni da kaina zan auri Zulkiflu."

"Ba zan ce ba. Kin huce?"

"Je ka dawo tukuna."

Fadilu ya auna fuskar da ke jikin buhun, ya samo fallen kwano, ya yanke siffar itacen dabino a ciki, ganye cike, ba rata ko ɗaya a tsakiya.

Ya sami Alhaji a gindin dabino yana duban nonnan 'ya'yan da suka yi ja. Ya cire takalmi daga nesa, ya durƙusa.

"Na ce kada in sake ganinka."

"A ƙofar gida ka ce, Alhaji. Na zo neman gafara. Na yi magana inda bai kamata ba."

Alhaji ya mayar da ido kan dabinon, Fadilu ya ciro buhun.

"Kuma tun farko kai ka ce itacen dabino ya shiga tambarin. Na yi ta tunanin maganarka, na ga ban ba itacen haƙƙinsa ba. Ko za ka duba?"

Ya shimfiɗa buhun a kan yashi. Ya ɗora kwanon, ya shafa koren fenti mai duhu da soso, ya ɗaga. Ganyen ya rufe fuska da rawani ruf, ya haɗiye raƙumi da kamiyo. Sunan kamfani ya rage a ƙasa, fes.

Alhaji ya daɗe yana kallo.

"Ganyen dama ya yi gajere," in ji Alhaji.

Ganyen dama daidai yake da na hagu, Fadilu ya auna da kansa.

"To, Alhaji. Za a ƙara."

"Duk buhunan magaza za ka iya?"

"Kafin a fara kwasa, in Allah ya so."

Alhaji ya tsinko dabino ɗaya ya juya shi a hannu. "Wa gare ka a ƙasar nan?"

"Kawuna Usmanu, yana Gamu."

"Ka ce ya zo. Na Damagaram, mutanen Zulkiflu, ni zan ji da su."

Fadilu bai kai bakin hanya ba ya fiddo salula. "Dabinuwata, ya ce a ƙara ganye. Ya ce kuma kawu ya zo."

"Alhamdu lillahi! Mai fentina, ka ƙara masa ganye har ya taɓa ƙasa."

Bayan kwasar dabino aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji Burahima. Mutanen Gamu suka zo, dillalan Damagaram suka zo, aka raba goro da dabino har yara suka cika aljihu. Alhaji ya riƙe hannun ango yana zagayawa da shi cikin dattawa, yana cewa yaron yana da hannu, sai dai sai an nuna masa hanya. Fadilu yana sunkuyar da kai yana cewa haka ne, Baba.

Washegari da hantsi Hamsatu ta kawo masa kunu, ta zauna gefensa ta kama yatsunsa tana dubawa.

"Wannan koren ba zai fita ba ne?"

"Sai a hankali. Naki lallen fa?"

"Shi ma sai a hankali."

Allah ya sa gidan ya yi albarka, ya ba su 'ya'ya masu jin magana, ya zaunar da su lafiya har tsufa. Amin.