Kaset ɗin Hajiya Saoudatou

"Labiba, ce min kuskure ne..."

Labiba ta jingina da bangon ɗakin haɗa shiri, gumi yana bin bayanta. Ta kasa kallon Abdulƙahar, sai kaset ɗin da ke hannunsa take kallo.

"Ce min ba ki duba sunan da ke jiki ba. Ko da baki kawai ki faɗa, zan yarda, wallahi zan yarda."

A akwatin talabijin, inda ya kamata fuskar mahaifiyarsa ta fito, wata tsohuwa ce tsaye tana nuna ɗan takara da yatsa.

Shirin Idon Zongo na mutanen unguwa ne. Tun da aka saki bakin jama'a aka buɗe gidajen talabijin masu zaman kansu, matasan Zongo suka yi karo-karo suka sayi tsohuwar kyamara. Wata tasha ta ba su ɗan lokaci duk Lahadi da rana. Labiba ke ɗauka, Abdulƙahar ke haɗawa, a nan suka saba har aka sa musu rana bayan Sallah. A shirinsu na farko Hajiya Saoudatou, mahaifiyarsa, ta zauna a ƙofar gida ta yi magana kan babbar kwatar da ke toshewa ta cika gidaje da ruwa duk damina. Damina ta gaba ba ta gan ta ba, Allah ya yi mata rasuwa. Hajiya ba ta son ɗaukar hoto, don haka kaset ɗin nan shi ne kaɗai abin da ya rage na fuskarta da muryarta.

Jiya da safe ya damƙa wa Labiba shi, ta kai wa mai kwafi a unguwar Saint-Michel kafin zaren ya lalace. Ta sa a jaka, ta ce sai ta gama ɗaukar taron 'yan takarar kansila.

"Na duba," in ji ta.

"Labiba!"

"Kai ma ka sani, masoyi. Kai ka ɓalle masa haƙori da hannunka don kada a ɗauki wani abu a kai. Dubi ramin."

Ya juya kaset ɗin. An liƙe ramin da guntun salatif.

"Kaset ɗina ya ƙare daidai lokacin da tsohuwar nan, Iya Rahina, ta miƙe," ta ce. "Ta sa ɗan takarar ya yi rantsuwa a gaban mutane cewa zai haƙe kwatar. Ka san su, abin da ba a ɗauka ba sai su ce ba su faɗa ba. Na leƙa jaka, babu wani sai wannan. Na tsaya, na karanta sunanta, na..."

"Kika liƙe."

"Na liƙe."

Ya zauna a hankali.

"Da kin yi min ƙarya da na samu inda zan ajiye zuciyata," ya ce. "Yanzu ina zan kai ta?"

Bai jira amsa ba ya fita. Ta ji ya tsayar da zemijan, mai babur ɗin haya, a bakin titi, babur ɗin ya tashi.

Kafin la'asar magana ta gama unguwa. Munirat, 'yar ƙanwar mahaifiyarsa, ita ke riƙe makirufo a taron, kuma kowa ya san ta daɗe tana son ɗan uwan nata. Ita ta kai wa uwarta labari da gishirinsa: wai Labiba har murmushi take tana liƙe ramin.

Inna Jumai, uwar Munirat, ta shigo gidansu Labiba ba sallama.

"Ina mai kyamarar? Fito! Yayata ta mutu sau ɗaya, ke kin sake binne ta!"

"Inna, ki yi haƙuri..."

"Kada ki ce min Inna! Wadda ta shafe uwar miji tun kafin ta shigo gida, in ta shigo wa za ta bari? A dawo mana da kayanmu!"

Munirat na bayanta tana gyara gyale. "Ni dai na ce mata, Labiba, pardon, don Allah duba sunan. Ko kallona ba ta yi ba."

Labiba ba ta musa ba, duk da Munirat ba ta ce komai ba a ranar. Me musun zai gyara? Abin da ke cin ta daban ne. Ta tambayi kanta ko da za a maida ita wurin za ta sake liƙewa, ta rasa amsar da za ta kwantar mata da rai. In ta ce a'a, ta ci amanar Iya Rahina da duk matan da ruwa ke kora daga ɗakunansu. In ta ce e, to wace irin masoyiya ce ita?

Ranar Lahadi shirin ya fita, Abdulƙahar ne ya haɗa shi, bai cire ko kalma ɗaya ba. Ya aiko mata da kaset ɗin shirin ta hannun wani, shi bai zo ba. Wannan ya fi zagi tsorata ta.

A ƙarshen shirin Labiba ta sa a ƙara fuskarta. Ta faɗa wa unguwa abin da ta yi, ba ta kare kanta ba. Ta ce duk wadda ta kalli Hajiya Saoudatou a shirin farko, ta zo ƙofar gidan marigayiya ran Laraba da hantsi ta faɗi abin da ta tuna.

Laraba ta yi. Labiba ta kafa kyamara, ta ajiye kujerar tsuguno a inda Hajiya ta zauna. Rana ta ɗaga, layin shiru, sai masu babur da ke wucewa suna kallonta. In ba wanda ya zo fa?

Iya Rahina ce ta fara ɓullowa da sandarta, mata na biye da ita, wasu da goyo, wata da tiren gasarar da ba ta sayar ba.

"Ni zan fara," in ji Iya, ta zauna. "Cewa ta yi, ruwan nan ya fi surukina zuwa gidana."

Aka fashe da dariya.

"Ba haka ba ne!" wata ta ce. "Ya fi mai karɓar haraji, ta ce!"

"Shuɗin zani ta ɗaura."

"Kore ne, Iya, idonki ne!"

Gardama ta kaure. Labiba na ɗauka. Sai ƙofar gida ta buɗe da ƙarfi, Inna Jumai ta fito, Munirat na leƙe ta bayanta.

"Wane irin iskanci ne wannan a ƙofar gidan mutane? Kuma duk ƙarya kuke yi! Tashi, Iya!"

Ta zauna a kujerar don ta gyara musu. Ta karkata ɗankwali gefe ɗaya, ta dafa gwiwa, ta ɗaga haɓa. Da ta buɗe baki, muryar da ta fito mai kauri ce, mai jan kalma, ba tata ba, ta yayarta ce.

"Ku gaya wa masu mulki, mu ba kifi ba ne. In sun ce yanzu talaka na da baki, to ga nawa, na buɗe."

Inna Jumai ta ji abin da ya fito daga bakinta, ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suka soma girgiza.

Labiba ba ta ƙara ganin komai ba saboda hawaye. Kyamarar ta fara sunkuyawa. Sai ta ji hannu ya tallafe ta daga baya, hannun da ta sani.

"Riƙe da kyau," in ji Abdulƙahar a kunnenta. "Kina yanke mata kai."

Tare suka riƙe har matan suka gama. Da aka watse ya fitar da kaset ɗin, ya daɗe yana juya shi.

"Ba ita ba ce, Labiba."

"Na sani."

"Kuma ban gama jin zafi ba. Wataƙila har mu tsufa wani lokaci in tuna in yi miki shiru."

"Mu tsufa?" ta ce a hankali.

"To da wa zan tsufa? Na yi ta neman in tsane ki, sai in tuna da ita ce a wurin, da kanta za ta miƙa miki salatif ɗin." Ya share ido da bayan hannu. "Inna kuma ki bar ni da ita. Kin ga ko tashi ta kasa yi daga kujerar."

Ya sa farce ya ɓalle haƙorin sabon kaset ɗin, ƙaras. Labiba ta ɗauka aljihu zai sa. Sai ya kamo hannunta ya ɗora mata shi a tafi.

"Saint-Michel," ya ce. "Wurin mai kwafi."

"Ni za ka sake ba wa?"

"Ke. Amma don Allah, amaryata, ko gobara kika gani a hanya, kada ki tsaya."