Maganin da Ya Mutu a Duro

Ranar da Auta ta fara shiga shagon maganin feshi, da takardar Baba a hannunta, mai shagon na ɗago kai ta sunkuyar da nata. Shi ya karɓi takardar yana murmushi.

"Tsutsa ta dami tumatirinku ko?"

"Ta ina ka sani?"

"Ga ganyensa nan maƙale a mayafinki, Gimbiyar Lambu."

Sunan ya bi ta, son shi kuma ya kama ta kamu mai kyau. Auta akwai dabara. Duk ranar feshi, da sassafe take jan ruwan rijiya ta cika baƙin duro, ta zuba magani ta motsa. Baba ba ya feshi sai bayan la'asar, ka ga tsakar rana ta zama tata.

Saƙonsa zai shigo: "Gimbiya, yau shagona duhu. Ko kin manta hanya ne?"

Ta amsa: "Igiyar ɗaure tumatir ta ƙare, ga ni nan tafe."

Igiyar gidan nan kuwa ta isa ɗaure lambu uku.

Ana haka tsutsa ta ƙi mutuwa. Aka fesa sau uku, tana ta ƙiba. Ranar da kawun mai shago ya zo neman izinin aurenta, Baba ko tabarma bai shimfiɗa masa ba.

"Wanda ya sayar min da jabu ba zan ba shi 'yata ba. Ɗan maƙwabcina ma ya yi magana."

Auta ta ci kuka har idonta ya kumbura. Washegari saƙo ya zo: "Wallahi ban taɓa sayar da jabu ba. Da wane ruwa kuke haɗawa, kuma yaushe?"

"Na rijiya. Da safe."

"Feshin fa?"

"Da yamma."

Sai ga kiransa.

"Gimbiya, maganin nan ruwa mai ɗan tsami yake so. Rijiyoyin wajenku masu kanwa ne, kanwa kuwa cinye shi take yi a hankali. In ruwan ya ɗau zafin rana a baƙin duro, sai cin ya yi sauri. Kafin la'asar, ruwa kawai Baba yake fesawa."

Ashe ita ce.

"Kar ki faɗa masa," ya ce a hankali. "Zan ce ni ne ban yi bayani ba."

"A'a. Sunanka ya ɓaci saboda ni, ni zan wanke shi."

Ta sami Baba a bakin rijiya, ta durƙusa ta faɗa masa komai, har da dalilin sammakon. Kunya kamar ta nutse. Baba ya daɗe yana kallon duron.

"Kira shi."

Mai shago ya zo da 'yar takardar gwaji, ya tsoma a guga, ta rine shuɗiya. Ya ɗiga abin ƙara tsami a ruwa mai sanyi, ya sake tsoma wata, launin ya sauya. Ya haɗa maganin daga kwalbar da Baba ya kira jabu, ya fesa layi biyu nan take.

Kwana uku, tsutsar layin biyu ta zube ƙasa. Baba da ƙafarsa ya taka har shagon ya ce, "Na zalunce ka, ɗana. Ka turo kawunka."

Ranar ɗaurin aure, da aka kawo amarya ta yi wa Baba sallama, ya dafa kanta.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari." Ya goge ido ya ƙara da cewa, "To Auta, shagon dai ya zama naki. Don Allah a bar min maganina ya rayu."